Nasiha Ga Matafiya A Kan Lokacin Jirgi Da Yankan Tikiti A Ƙasashen Waje

 Ya ku malamai da almajirai da attajirai masu karanta wannan shafi, yau muna so mu yi magana a kan wani abu da ake rainawa, alhali ya kan jawo wa mutanenmu hasarar dukiya da ɓacin zuciya a ƙasashen waje, wani sa'i ma har ya taɓa ibadarsu. Watau duba lokacin tashin jirgin ƙasa da yankan tikiti.

Mu a nan gida mun saba da al'adar tashar mota. Mutum ya zo da kayansa, ɗan kamasho ya nuna masa motar da ke lodi, a yi ciniki, ya shiga ya zauna. Mota ba ta tashi sai ta cika, in kuwa fasinja ya tafi alwala sai yaran mota su bi shi da kira. Wannan hali mun gaje shi tun zamanin fatake, gama madugu ba ya ɗaga ayari sai ya ga kowa ya ɗaure kaya. Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa, ta Barno da Cadi da Fashir har Sawakin, lissafinsu na watanni ne da shekaru. To, jirgin da ɗanku zai shiga yau a ƙasar Saudiyya ko ƙasar Sin lissafinsa na mintoci ne, yana tashi ko da rabinsa wofi ne, ba ya kuwa duban rawani ko furfura.

Za mu kafa misali da jirage biyu, domin su ne mutanenmu suka fi shiga. Na ɗaya jirgin Haramaini, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina. Tsawon dogonsa kamar kilomita 450 ne, gudunsa ya kan kai kilomita 300 a sa'a guda. Zangon da raƙuma ke yi cikin kwana 10 ko fiye, shi ya kan yanke shi cikin sa'a 2 da rabi ko ƙasa da haka. Alhazan hukuma galibi ana shirya musu motocinsu, amma mai Umra da wanda ya tafi da ƙashin kansa shi ne zai nema wa kansa tikiti. Na biyu jiragen ƙasar Sin, waɗanda 'yan kasuwarmu ke shiga daga Gwanzu zuwa Yiwu da sauran garuruwan masana'anta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, tikiti ƙulla haya ne tsakaninka da masu jirgi. Malamai sun san sharuɗɗan haya a fikihu: a san lada, a san amfanin da aka saya, a san wa'adi. Attajirai kuma sun san wanda ya sa hannu a takarda bai karanta ba, ba shi da bakin ƙara. Saboda haka ilmin da ake bukata kuna da shi a hannu, saura ku aza shi bisa wannan 'yar takarda. Sharuɗɗanta biyar ne: rana, sa'a, tasha, suna, da kaya.

Na fari, rana. A lissafinmu dare ya riga yini, kwana yana shiga da faɗuwar rana. Masu jirgi kuwa ranarsu tana somawa ne daga ƙarfe 12 na dare. Kadan tikiti ya ce Juma'a, 00:30, to, ranar Alhamis ne mutum zai yi sallar Lisha ya nufi tasha, watau daren Juma'a ke nan a wurinmu. Wanda ya zauna har aka sauko daga masallacin Juma'a, sa'an nan ya tafi da dare, zai iske jirginsa ya tashi tun jiya. Kadan kuwa ya ce Juma'a, 22:00, wannan shi ne daren da muke kira daren Asabar. A ƙasar Sin kuma shekara suke fara rubutawa, sa'an nan wata, sa'an nan rana. In ka ga 04-05 bayan shekara, nufinsu 5 ga Afrilu, kada ka ɗauka 4 ga Mayu ne.

Na biyu, sa'a. Jadawalin jirgi ya kan ƙidaya sa'o'in kwana daga 1 har 24. Duk abin da ya haura 12, ka ɗebe masa 12, sauran shi ne ƙarfen rana ko na dare. 16:40 biyar saura minti 20 ne na la'asar, 06:40 kuwa bakwai saura minti 20 ne na safe. A ƙasar Larabawa wani wuri za ka ga harafin ص a gefen lamba, watau safiya, ko harafin م, watau maraice. Sa'an nan a tuna lokacin da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a 2, na Dubai da sa'a 3, na Sin da sa'a 7, ƙasar Sin kuwa duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Wayar hannu ta kan gyara kanta, agogon hannu sai mai shi ya juya shi ran da ya sauka. Kuma lokacin da aka rubuta na motsin jirgi ne. Ana rufe ƙofar shiga tun da sauran 'yan mintoci, ga kuma layin binciken kaya kafin nan. Wanda ya isa tasha da saura sa'a guda bai yi wauta ba.

Na uku, tasha. Babban gari ba tasha ɗaya gare shi ba. Jirgin Haramaini tashoshinsa 5: Makka, Jidda ta unguwar Sulaimaniyya, filin jirgin saman Jidda, birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai Madina. Ka ga Jidda kaɗai tana da biyu, kuma ba kowane jirgi ke tsayawa a dukansu ba. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, ta Madina tana bayan gari, kowacce sai an shiga mota daga Harami, sai a sa wannan cikin lissafi, balle bayan an sallame salla, sa'ad da hanya ke cushewa. A ƙasar Sin ana bambanta tashoshi da kusurwa: Dong gabas, Xi yamma, Nan kudu, Bei arewa. Yawancin jirage masu gudu na Gwanzu daga Guangzhou Nan suke tashi, tana kuwa da nisa daga cikin gari. Wanda ya ce wa direba tashar jirgi kawai, bai faɗi wace ba, yana iya kai shi wata dabam. Mafi kyau ka nuna masa sunan a rubuce.

Na huɗu, suna. Tikitin waɗannan jirage na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambar fasfonsa, da lambar tarago da ta kujera. A rubuta suna harafi da harafi kamar yadda yake cikin fasfo, domin Muhammadu da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, amma na'ura ba ta san haka ba. Wanda ya sabunta fasfo ya tuna lambarsa ta sāke. A ƙasar Sin fasfon ne ma tikitin, shi za ka miƙa a bakin ƙofa a duba. Daga nan za ku gane tikitin da wani ɗan tsakani ya sayar muku a ƙofar tasha da sunan wani mutum, takardar banza ce, kome araharta.

Na biyar, kaya. Wannan ya fi shafar attajirai. Jirgin Haramaini ya yarje wa fasinja babbar jaka ɗaya mai nauyin kilo 25 da 'yar ƙarama ta hannu. A ƙasar Sin kilo 20 ne ga baligi. Dilar yadi da kwalayen takalma sai a ba masu aika kaya, mutum ya shiga jirgi da jakarsa. Wuƙa da makamantanta a kan karɓe su a wurin bincike.

Game da saye kuwa, hanyoyi uku ne: ta intanet, ta na'urar da ke tasha, ko a taga wurin akawu. Masu jirgin Haramaini suna da shafinsu na intanet da manhajarsu ta waya, na hukumar jirgin Sin kuwa sunansa 12306, kuma tana fara sayarwa tun saura kwana 15. Na'urorin tashoshin Sin galibi katin shaidar 'yan ƙasa suke karantawa, baƙo sai ya bi ta waya ko ta taga. Ba kowane katin banki na gida ke aiki a waje ba, sai a tambayi banki tun kafin a bar gida. A kuma lura da lokatan cunkoso. Goman ƙarshe na Ramalana da kwanakin Hajji kujeru kan ƙare tun da wuri. A Sin kuwa sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa cikin Janairu ko Fabrairu, da makon farko na Oktoba, duk ƙasar ce ke kan hanya. Shirin zaune ya fi na tsaye. In kuwa ƙaddara ta sa jirgi ya tafi ya bar ka, kada ka tsaya musu da mai tsaron ƙofa, ba shi da ikon kome. Ka nufi taga nan da nan ka tambayi sharaɗin sauyi, gama jinkiri yana ƙara hasara.

Jiragen cikin gari hukuncinsu dabam ne. Na Dubai, wanda aka buɗe a 2009, yana zuwa bayan 'yan mintoci kaɗan, babu kujera mai lamba. Abin da za a sani a nan shi ne lokacin jirgin fari da na ƙarshe, domin ya bambanta bisa ranaku. Ana sayen kati mai suna Nol a zuba masa kuɗi, a taɓa shi a ƙofa wajen shiga da wajen fita. Akwai wurin da aka keɓe wa mata da yara, namijin da ya shiga a ci shi tara.

Saura abin da ya fi dukan waɗannan nauyi, watau ibada. Mai fitowa daga Madina da nufin Umra mikatinsa Zulhulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali. Motar alhazai ta kan tsaya a nan a yi wanka a ɗaura harami, amma jirgin ƙasa ba ya tsayawa, kuma yana kaiwa daidai da wurin jim kaɗan bayan tashinsa. Malamai sun san abin da ke kan wanda ya ƙetare mikati sa'an nan ya ɗaura harami daga baya: hadaya ta hau kansa. Dabara biyu ce. Ko mutum ya tafi Abyar Ali tun da wuri ya yi niyya, sa'an nan ya komo tasha, ko ya yi wanka ya sa tufafin harami a masaukinsa, ya yi niyya cikin jirgi da ya kusa daidai da mikati. Wanda ya bar mayafan haraminsa a ƙasan akwati ya shiga wahala. Haka kuma sha'anin salla. A aza jadawalin jirgi kusa da jadawalin salla na garin, a zaɓi jirgin da ke tashi bayan an idar da wata, ya isa kafin lokacin ta gaba ya fita. Tafiyar sa'a 2 da rabi tana shiga sarai tsakanin Asuba da Azahar.

A ƙarshe muna roƙon malaman da ke jagorantar jama'a, da iyayen gidan da ke aika yaransu fatauci, su rubuta waɗannan sharuɗɗa biyar a takarda, da ajami ko da boko, kowane matafiyi ya sa a aljihu tare da fasfonsa. Tsoho ko tsohuwa da ba su iya waya ba, a haɗa su da wanda ya iya, a karanta musu tikitinsu a fili tun a masauki. Wanda ya ruɗe a tasha ya tambayi ma'aikaci mai kayan aiki a jikinsa, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya iya kiyaye lokatan salla biyar kullum, kiyaye lokacin jirgi ɗaya ba zai gagare shi ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya karɓi ibadar masu ibada, ya sa albarka cikin neman masu nema, amin. Wassalamu.