Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa da Bai Fashe Ba: Tiyata ko Bututu?

Sau da yawa ba ciwon ne ke kai mutum asibiti ba. Wani ya je a ɗauki hoton kansa saboda jiri ko haɗarin mota, sai likita ya hango wata jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa bangonta ya yi rauni, ya ɓullo gefe kamar ɗan balan-balan. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da irin wannan kumburi, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah bai fashe ba. Amma in ya fashe, jini ya malala cikin kai, ana iya rasa rai ko a shanye.

Hanyoyi biyu ake bi wajen toshe shi. Ta farko tsohuwa ce. A 1937 Walter Dandy, likitan Amurka, ya fara buɗe ƙoƙon kai ya matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, jini ya daina shiga. Har yau haka ake yi, sai dai da madubin ƙara girma. Ta biyu kuwa, wadda Guido Guglielmi ɗan Italiya ya fito da ita a farkon shekarun 1990, ba a taɓa ƙoƙon kai. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matse-matsi ko wuyan hannu, likita na bin sa a allo har ya isa wurin, sannan a cusa zaren filatinam mai laushi ya nannaɗe a ciki, jini ya daskare ya toshe shi. Daga baya aka ƙaro wata ragar ƙarfe da ake shimfiɗawa a bakin kumburin, wadda ke tilasta wa majiyyaci shan magungunan hana daskarewar jini na watanni.

Mutane kan ɗauka sabuwar ta binne tsohuwar, suna kafa hujja da babban binciken ISAT na 2002. To, wancan binciken a kan kumburin da ya riga ya fashe aka yi shi. Wanda ya shafi maganarmu shi ne na likitocin Kanada da aka wallafa a 2023, a kan majiyyata 291. Aikin ya gaza a kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata, amma ya kai kashi 19 a masu bututu. Sai dai masu tiyata sun fi samun sabuwar matsalar jijiya bayan aiki, kuma kusan rabinsu sun wuce kwana 5 a gado. Bayan shekara guda, ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki a yawan mutuwa da naƙasa.

Ashe ciniki ne: bututu ya fi sauƙi yau, tiyata ta fi ƙarko gobe. Zaren kan lotsa, jini ya sake samun kafa, shi ya sa mai bututu ba ya rabuwa da komawa hoto. Wanda ya sayar da gona ya je Masar ko Indiya aka yi masa aikin, ya dawo garin da babu na'urar bibiya, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne a gare shi. A ganina matashi mai kumburi mai faɗin wuya a jijiyar gefen ƙwaƙwalwa bai kamata ya guji wuƙa don tsoro kawai ba. Dattijo mai ciwon zuciya, ko wanda nasa ke can ƙurya ta bayan kai, bututu ya fi masa.

Akwai kuma zaɓi na uku, wato a ƙyale shi a riƙa dubawa. Binciken ISUIA na 2003 ya nuna ƙananan da ba su kai milimita 7 ba, a jijiyoyin gaba, da wuya su fashe, har haɗarin aikin yana iya fin na barinsu.

Don haka in an ce kana da shi, tambayi likita girmansa, inda yake, da yawan irin aikin da asibitin ke yi a shekara. Ka bar sigari, ka kula da hawan jini. In kuwa wani ciwon kai ya sare ka farat ɗaya, irin wanda ba ka taɓa ji ba, a garzaya da kai asibiti nan take.