Kafin Ka Sauya Ƙwaƙwalwar Motarka Mai Turbo, Nemi Mai Saiti Tukuna

Duk wanda ke lura da motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema zai ga cewa masu ƙaramin inji haɗe da turbo sun yawaita, irin su Honda Civic mai lita 1.5 da aka fara fitarwa a ƙarshen 2015, da Volkswagen Golf GTI, da motocin Ford masu injin EcoBoost. Samarinmu na zango kuwa ba a bar su a baya ba. A Abossey Okai ta Ankara ko Suame Magazine ta Kumasi, ba wuya ka ji ana cewa da an sauya wa mota kwamfutar inji sai ta zama doki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai sharaɗi, kuma wanda ya tsallake shi yakan biya da injinsa ɗungurungum.

Bari mu fara daga tushe. Turbo wata farfela ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Nauyin iskar da muke shaƙa kusan ba 1 ne a ma'auni, don haka idan turbo ta ƙara ba 1 a kai, injin ya sami kusan ninki biyu na iskar da ya saba zuƙa. To, iska kaɗai ba ta tafiyar da mota. Dole a ƙara mata fetur daidai gwargwado, a kuma kunna wutar fulogi a daidai lokacinta.

Wannan lissafi shi ne aikin kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Tun 1979 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da Motronic, wadda ta haɗa sarrafa fetur da wuta a akwati guda. A tafiya ta yau da kullum, injin fetur na son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a bisa nauyi. Amma idan aka taka totur turbo ta cika, masu saiti kan ƙara mai har lissafin ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin ƙarin man yana sanyaya cikin silinda. In mai ya gaza, ko wuta ta yi gaggawa, sai haɗin ya fashe ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, kuma cikin daƙiƙu kaɗan tana iya fasa fistan ko ƙona gaskit.

Hanyoyi uku ne a gaban mai son ƙarin ƙarfi. Ta farko ita ce a bar kwamfutar da mota ta zo da ita, a sake rubuta lissafin da ke cikinta ta ramin gwaji na OBD-II, wanda ya zama dole a kan motocin Amurka tun 1996. Hondata na yin wannan ga motocin Honda, Cobb kuma ga Subaru da Ford da Volkswagen. Ta biyu ita ce 'yar goyo, wato ƙaramin akwati da ake saƙalawa tsakanin na'urorin awo da kwamfutar asali, yana sauya saƙon da ke isa gare ta. Tana da araha, sai dai aikinta yaudara ne, kuma sababbin kwamfutoci sukan gano su mayar da lissafinsu yadda yake. Ta uku ita ce a cire ta asali a sa mai cin gashin kanta, kamar Haltech da MoTeC na Ostireliya, ko Link ta Niyuzilan, ko MegaSquirt ta Amurka wadda ta fito a 2001 don masu haɗawa da hannunsu.

Ta ukun ce ke ɗaukar hankalin samari, kuma ita ce ta fi wahalar da motar da ake zuwa aiki da kasuwa da ita. A motar zamani kwamfutar inji tana magana da giya mai sarrafa kanta, da agogunan gaban direba, da na'urar sanyi, da makullin hana sata, duk ta layin waya da ake kira CAN. Ka cire ta, sai wasu daga cikinsu su yi shiru. Bugu da ƙari, yawancin sababbin injuna masu turbo suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, kuma ba kowane akwati ke iya tafiyar da irin wannan ba. Sannan injiniyoyin kamfani sun ɓata dubban sa'o'i suna gyara yadda mota za ta tashi da sanyin safiya, da yadda za ta tsaya a cunkoson Kwame Nkrumah Circle da na'urar sanyi a kunne ba ta mutu ba. Duk wannan sai an sake shi daga farko. Saboda haka mai cin gashin kanta ta fi dacewa da tsohuwar mota da aka ɗora wa turbo daga baya, ko wadda aka sauya mata inji. In motarka ta zo da turbo daga kamfani kuma akwai manhajar sake rubuta ta, hanya ta farko ta ishe ka.

Ko wacce ka zaɓa, akwati ba ya saita kansa. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tambayar farko ita ce wa zai saita, ta biyu kuma wane akwati ya ƙware a kai, ka sayi wannan. Gwani da akwati mai sauƙin kuɗi ya fi ɗan koyo da mafi tsada. Ka tambaye shi motoci nawa irin taka ya yi, ka je ka ga masu su bayan wata shida. Ka tambaya ko yana da injin gwajin da ake ɗora mota a kai tayoyinta na juyawa tana tsaye. Wanda zai gwada maka gudu a kan titin da mutane ke tsallakawa, ka ɗauki makullinka ka tafi.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutanenmu, wato lissafin da ake sayowa a shirye ta intanet. A Amurka ana rubuta shi don fetur mai lamba 91 ko 93, amma ma'auninsu ba namu ba ne. Mu a Gana da RON muke awo. Lamba 91 tasu ta yi kusan 95 tamu, 93 kuwa wajen 98. Fetur ɗinmu na yau da kullum mai lamba 91 daidai yake da 87 nasu. Wanda ya ga 91 a kwamfuta ya ga 91 a gidan mai ya ɗauka abu guda ne, to ya buɗe wa ƙwanƙwasa ƙofa. Ga zafin ƙasarmu, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Don haka a saita mota da man da za ka riƙa samu har a hanyar Tamale ko Bawku, ba da wanda sai a manyan birane ake samu ba.

Idan har akwati za ka saya, ka tabbata yana karanta na'urar auna iskar hayaƙi mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, yana jin ƙwanƙwasa ya janye wuta, yana yanke ƙarfi idan turbo ta wuce iyaka ko matsin baƙin mai ya faɗi, kuma yana ajiye bayanan tafiya don mai saiti ya duba. Ka ware kuɗin wayoyi da na saiti, domin sau da yawa sukan kai kuɗin akwatin. Ka duba famfon mai da nozul da kulochi, kuma kafin komai ka gyara birki da tayoyi. Ka sanar da kamfanin inshorarka abin da ka sauya, kada ranar tsautsayi su ce ba motar da suka sani ba ce.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce a roƙi mai saiti ya bar rata, kada ya matse injin har ƙarshen ƙarfinsa. Ƙarin ƙarfi kaɗan da zai kai ka Salaga ya dawo da kai shekara da shekaru ya fi mai yawa da zai ajiye ka a gareji cikin mako guda. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa mu sauka lafiya.