Gadar Sama Ko Shataletale?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya kai hatsi birnin Zariya ya ga gadar saman Ƙofar Doka, wadda Gwamnatin Jihar Kaduna ta gina cikin aikin gyaran birane da aka soma a 2019. Gada abu ne mai kyau, amma tana cin siminti da ƙarfe da kuɗin diyyar gidaje. Ba kowace mararraba za ta samu ba.

Masana hanya sun ƙidaya wurare 32 da mota za ta iya karo da wata a mararraba mai hanya huɗu. A shataletale 8 ne kaɗai, kuma tilas direba ya rage gudu. Ba ya bukatar fitilar ba da hannu, ko an ɗauke wuta yana aikinsa. Saboda haka in ƙungiyarku za ta kai kuka ga hukuma kan wata muguwar mararraba, a wajen Ƙofar Gayan ko a ƙauye, shi za ku roƙa.

Tun 1972 hannun dama muke bi. Mai shiga shataletale ya dubi hagu, ya bar na ciki ya wuce tukuna. Mai babur da buhun masara, kada ya yanke ta baibai don gajerta hanya, ko da kasuwa ta fara ci.