Gwiwar Hannu ta Ƙarfe: Shekara Nawa Take Yi Kafin a Sake Tiyata?

Sauya gwiwar hannu da ta ƙarfe bai yawaita kamar na ƙugu da gwiwar ƙafa ba, kuma ƙarfen bai kai nasu ƙarko ba. Ƙasusuwan wurin sirara ne, fatar da ta rufe su ba kauri, ga hannu kullum cikin murɗawa da ɗaga kaya.

Na farkon shekarun 1970, irin wanda likita Roger Dee ya fito da shi a Ingila, kamar hinjin ƙofa suke: lanƙwasawa da miƙewa kawai. Duk wata murɗa sai ta sauka a kan simintin da ya riƙe ƙarfen cikin ƙashi, ba a jimawa ya fara girgiɗi. Daga baya aka ba hinjin ɗan sarari na motsawa gefe da gefe, sannan a 1981 Bernard Morrey na asibitin Mayo da ke Amurka ya ƙara masa wani ɗan harshe mai dafe gaban ƙashin dantse. Wannan shi ne samfurin Coonrad-Morrey.

Binciken da asibitin ya wallafa a 2016 kan gwiwoyi 461 na masu amosanin gaɓɓai ya nuna kashi 92 cikin ɗari sun kai shekara 10 ba a sauya ƙarfen ko cire shi ba, kashi 68 kuma sun kai 20. Kundin tiyatar gaɓɓai na ƙasar Norway, wanda ya haɗa asibitoci manya da ƙanana, ya samu kashi 81 a shekara 10, da 61 a shekara 20.

Abin da ya fi mayar da mutum ɗakin tiyata shi ne sassautawar ƙarfen, sai shigar ƙwayoyin cuta, cinyewar robar da ke cikin hinjin, da karyewar ƙashin da ke kewaye. Haɗarin ya fi yawa ga maza, da masu sauran ƙuruciya, da waɗanda tsohuwar karaya ce ta kai su ga aikin, domin su ne suka fi wahalar da hannu.

Shi ya sa likitoci ke gindaya sharaɗi na har abada: kada a ɗaga abin da ya haura kilo 5 a tashi ɗaya, ko kilo 1 a kai a kai. Bokiti mai lita 10 cike da ruwa ya ninka iyakar kilo 5 ɗin.

Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya, domin kowace cirewa tana tafiya da ƙashi. Don haka kafin a sa hannu a takarda, ya kamata majinyaci ya faɗa wa likita irin aikin da yake ci da shi. Wannan gwiwa tana kawar da ciwo, ta ba mutum damar kai loma baki, amma ba a ƙera ta don dako ko noma ba.