Baƙon Da Ya Shigo Da Kunnen Hukuma

A farkon shekarun 1950, a wani gari na Amurka da ake kira Hoboken, cikin jihar New Jersey, akwai wani Basine mai suna On Lee wanda yake da shagon wanki da guga, ɗakin kwanansa kuma yana daga bayan shagon. An riga an kama shi bisa tuhumar sayar da ofiyom, an ba da belinsa, yana zaman jiran shari'a, sai ga wani tsohon yaronsa, Chin Poy, ya shigo kamar mai zuwa jaje. Suka gaisa, hira ta yi daɗi, On Lee ya saki baki, alhali bai san cewa a aljihun kwat ɗin baƙon nan akwai 'yar na'ura mai tura magana waje ba, kuma ga wani jami'in hana fataucin ƙwayoyi can a bakin titi yana sauraro. Ranar shari'a ba a ma kira Chin Poy ba. Jami'in ne ya tsaya ya faɗi abin da ya ji. A shekarar 1952 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce wannan shaida karɓaɓɓiya ce, domin baƙon bai haura katanga ba, da yardar mai gida ya shigo.

Na kawo wannan ƙissa ne saboda wata mas'ala da jama'a suke yi wa gurguwar fahimta, musamman 'yan'uwanmu da neman ilmi ko neman halali ya kai su Amurka, waɗanda suke jin ana cewa a can gidan mutum hurumi ne, ɗan sanda ba ya taka shi sai da waranti, sai su ɗauka cewa duk abin da suka furta a tsakar ɗakinsu ya zama sirrin da hukuma ba ta da hanyar isa gare shi. Rabin maganar gaskiya ne. Gyara na huɗu na tsarin mulkinsu, wanda aka tabbatar a 1791, ya haramta binciken mutum da gidansa da takardunsa ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shari'ar Katz ta 1967, inda jami'an FBI suka manna na'ura a jikin ɗakin buga waya na bakin titi a Los Angeles don su ji wani ɗan caca, kotun ta ce ko a nan ma sai da iznin alƙali. Saboda haka idan hukuma ta dasa na'ura a gidanka, ba da sanin kowa daga cikin masu hirar ba, kuma ba waranti, ta keta haddi. Inda gizo yake saƙa shi ne idan ɗaya daga cikin masu hirar shi ne ɗan rahoton, wanda yanzu a bakin mutanenmu ake ce wa infoma.

Hukuncin da ya zama madogara a kan haka ya fito ne a 1971, a shari'ar wani mutum mai suna James White. Cikin 1965 da 1966 wani ɗan rahoto, Harvey Jackson, ya riƙa zama da shi yana ɗauke da na'ura a ɓoye, wani zaman a gidan Jackson, inda har wani jami'i ya laɓe a cikin kabad ɗin kicin, wani a mota, wani a gidan cin abinci, wani kuma a cikin gidan shi White ɗin kansa. Da aka zo shari'a aka nemi Jackson sama ko ƙasa ba a same shi ba, jami'an da suka saurara su suka ba da shaida, aka ɗaure White shekara 25. Wani abin mamaki, alƙalin da ya rubuta babban ra'ayin kotun shi ma sunansa White, wato Byron White, amma takwarantakar ba ta amfana wa wanda ake tuhuma kome ba.

Hujjar alƙalan ƙiyasi ce, kuma asalin da suka yi ƙiyasin a kansa shi ne shari'ar Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci, wanda a 1962, lokacin da ake yi masa shari'a a Nashville, ya riƙa maganar yadda za a sayi masu taya alƙali yanke hukunci a gaban wani na jikinsa, Edward Partin, shi kuwa yana kwashewa yana kai wa hukuma. A 1966 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya amince wa abokinsa, abokin ya ci amanarsa, tsarin mulki bai yi masa alkawarin kariya daga kuskuren zaɓen aboki ba. To, in ji su a 1971, tun da ya halatta ɗan rahoto ya fita ya rubuta abin da ya ji, ya kuma tsaya gaban alƙali ya maimaita, ina illar ya naɗe maganar tun daga tushe, alhali faifai ba ya mantuwa, ba ya ƙari, ba a kuma iya tsorata shi? Dokar tarayya ta 1968 ma ta tafi a kan haka, domin ta halatta naɗar zance muddin ɗaya daga cikin masu zancen ya yarda.

Alƙalai uku suka saɓa, kuma ni dai a ganina Mai Shari'a John Harlan, ɗaya daga cikinsu, shi ya fi kusa da daidai, domin ya lura da wata illa da ƙiyasin ya tsallake. Kowa ya san mai ɗauka ya kai yana nan tun fil azal, ɓeran gida ke gaya wa na waje inda daddawa take. Amma maganar da ta bi ta bakin tsegumi tana isa ne da rauninta, ana iya cewa ya manta, ko ya ƙara gishiri, ko yana da ƙullin gaba. Faifai kuwa yana kama maganar da mutum ya yi cikin fushi, da ta raha, da ta cika baki a gaban abokai bayan an ci tuwo, ya ajiye su shekara da shekaru, a zo a kunna su a gaban baƙin fuska waɗanda ba su ga murmushin da ya raka su ba. Kuma nauyin wannan ba a kan mai laifi kaɗai yake sauka ba, domin ranar da jama'a suka san hukuma tana da ikon aiko musu da kunne ba tare da ta nemi iznin kowa ba, mutumin kirki ma zai fara auna kalmominsa a gaban aminansa. Harlan bai ce a hana 'yan sanda wannan dabara ba. Abin da ya nema kawai shi ne su fara zuwa gaban alƙali su bayyana dalilinsu.

Amurka kuwa ƙasa ce mai jihohi hamsin, kowace da tsarin mulkinta, kuma an yarda jiha ta ƙara wa mutanenta kariya a kan ta tarayya. Kotun ƙolin Massachusetts a 1987, da ta Vermont a 1991, da ta Pennsylvania a 1994, da ta West Virginia a 2007, duk sun hukunta cewa 'yan sandan jiha ba su da ikon tura ɗan rahoto da na'ura cikin gidan mutum sai da iznin alƙali. Amma idan jami'an tarayya ne suka yi aikin, a kotun tarayya kuma ake shari'ar, hukuncin White ne ke aiki. Kanada ma a 1990, a shari'ar Duarte, ta bi ra'ayin Harlan, ko da yake shi Duarte ɗin bai kuɓuta ba, domin kotun ta ce jami'an sun yi aiki da kyakkyawar niyya bisa dokar da suka tarar.

Mai karatu na gida kada ya ce wannan labarin ƙetare ne kurum. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lamunce sirrin gida da na wasiƙu da na hirar waya, amma sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba ana karɓarta, sai fa in alƙali ya ga ɓarnar karɓar ta rinjayi amfaninta. Ke nan keta haƙƙinka wani abu ne daban, jefar da faifan kuma wani abu ne daban. Shari'ar Musulunci ta tsananta fiye da haka a wajen tajassusi, wanda aka hana a Suratul Hujurati, kuma malamai suna kawo riwayar Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya haura katanga ya tarar da mutum cikin saɓo, mutumin ya lissafa masa cewa ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, ba kuma da sallama ba, sai Halifa ya ƙyale shi. Duk da haka fuƙaha'u irin su Mawardi sun togace inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai.

Abin da ya kamata mutum ya kiyaye, musamman matasa, shi ne baƙon da kullum yake karkata hira zuwa ga haram, yana tayin kuɗi ko kaya, yana so ka maimaita abin da ka riga ka faɗa, ka ambaci suna da rana da adadi. Irin wannan, ko ɗan rahoto ne ko ba shi ba ne, a gaya masa a'a da kalma bayyananniya, a sallame shi. Kada a kuskura a taɓa lafiyarsa ko a yi masa barazana, domin wannan sabon laifi ne wanda sau da yawa ya fi na farkon nauyi. Kada kuma mutum ya ce shi ma bari ya naɗi maganar wani a ɓoye don ramuwa, domin a jihohi irin su California da Florida sai kowa ya yarda, in ba haka ba shi ne zai tsaya gaban alƙali. In kuwa har an kama mutum aka ce akwai faifai, ya kame bakinsa har lauya ya zo, lauyan ne zai bincika wace hukuma ta tura ɗan rahoton, a wace jiha, da waranti ko babu, kuma faifan cikakke ne ko an yanke masa kai da ƙafa.