Funfuna a Ɗakin Haya: Mai Gida ne Zai Gyara ko Ɗan Haya?

 Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga yankin Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano. Mai takardar ɗan kasuwa ne mai sayen hatsi, ya kuma roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce ɗaki biyu ya kama haya, ɗaya yana kwana da iyalinsa, ɗaya yana tara masara da gyaɗa kafin ya kai Dawanau. Da damina ta yi tsakiya sai gindin bango ya yi baƙi, katifa ta soma wari, buhu huɗu na masara suka yi funfuna, ƙaramin ɗansa kuma yana ta tari ba dare ba rana. Da ya kai kuka wurin mai gida sai ya ce masa shi ɗaki ya bayar haya, ba shi ya saukar da ruwan sama ba. Yana tambaya: me ke kawo wannan abu, yaya ake maganinsa, gyaran a wuyan wa yake, kuma ko yana iya riƙe kuɗin haya har sai an gyara?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya ba yaro lafiya. Da shi ma za mu fara: a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, kada a jira sai an gama shari'ar bango.

Ita funfuna, wadda a wajen Katsina da Sakkwato ake ce wa hunhuna, abu ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska a kowane gida, na mai kuɗi da na talaka. Ba su tsirowa sai sun sami laima da abin ci da wurin da iska ba ta kaɗawa. Abin cinsu kuwa ba ya wuya: katako, silin na kwali, tabarma, takalmin fata, audugar katifa, hatsi, har ƙurar da ta kwanta a jikin fenti. Masana sun ce abin da ya jiƙe, in bai bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba, to funfuna na iya kama shi. Shi ya sa a ƙasar Kano ba a cika jin labarinta da rani ko lokacin hunturu ba, sai watan Yuli da Agusta da Satumba, sa'ad da ake yin kwanaki rana ba ta fito sosai ba.

Yankinku kuma yana da nasa ƙarin dalili. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Watari wajen 1980, noman rani ya kafu a wurin, Alhamdu lillahi. Amma gidan da aka gina a kwari, ko kusa da fadama da hanyar ruwan ban-ruwa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa takan daɗe ba ta bushe ba. Bango yana tsotson ruwan nan daga tushe kamar yadda lagwani ke tsotson kananzir. Wannan ita ce rimar da ta baƙanta gindin bangonka. In ka ga tabon ya tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, fenti yana kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to daga ƙasa ruwan yake hawowa. In kuwa tabon daga sama ya gangaro, sai a duba kwano ko indararo, ko tsagewar rufin soro.

Akwai hanya ta uku da mutane ba su cika lura da ita ba, watau ruwan da mazauna ɗakin suke samarwa da kansu. Mutum biyar ko shida su kwana a ɗaki guda, taga a toshe da tsumma saboda sauro ko ɓarayi, ga wanki an shanya a ciki don ana ruwa, ga risho ana girki a lungu. Numfashi da tururin nan duka ruwa ne. Da asuba in kwano ya yi sanyi sai ya zama raɓa ya riƙa ɗiga, mutum ya rantse rufi ne ke yoyo alhali ko ƙusa ɗaya ba ta cire ba.

Ga wata dabara da za ta rage muku gardama kai da mai gidan. Ka sami leda mai kauri, faɗin kamu biyu, ka manna ta a jikin bangon, ka liƙe gefunanta huɗu sosai, ka bar ta kwana biyu. In ka ɓare ka tarar da jiƙa a bayanta, ta wajen bango, ruwan daga ginin yake. In jiƙar a fuskar ledar take, ta wajen ɗaki, to iskar ɗakin ce ta cika laima. Ka yi wannan a gaban shaidu, don amsar da ledar ta bayar ita ce za ta nuna inda nauyi ya fi karkata.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari da shessheƙa da tashin asma. Yara da tsofaffi abin ya fi taɓawa, da kuma wanda ya taɓa yin tarin fuka, domin akwai irin funfunar da kan sami mazauni a ramukan da cutar ta bari a huhu. A Ingila, cikin Disamba 2020, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale, binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa funfunar gidan hayar da suke ciki ce sanadi, bayan iyayensa sun sha kai ƙara. Dalilinsa aka yi doka a 2023, ana kiranta Dokar Awaab, wadda ta yanka wa hukumomin da ke ba da gidajen haya wa'adin dubawa da gyarawa. Mu nan ba mu kai can ba tukuna.

Sai masara, kuma a nan muna so manoma da 'yan kasuwa su buɗe kunne da kyau. Wata funfuna mai launin kore-kore da rawaya da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba da ake kira afilatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Brazil. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta kamu. Gubar nan hanta take ci. In ana cinta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana iya kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Saboda haka Malam, buhunan nan huɗu kada ka wanke ka shanya ka gauraya da mai kyau ka tura Dawanau, wani ne zai tuƙa wa 'ya'yansa tuwo da ita. Kada kuma a zuba wa kaji ko saniyar tatsa, don gubar tana fita a nono. Wadda ta kamu sosai a haƙa rami a binne. Asara ce, mun sani, amma da sauƙi a kan rai.

Don gaba, hatsi ba ya shiga ɗaki sai ya bushe ƙarau. Masara ana so laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen kashi 7. Wanda ba shi da na'urar awo sai ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, ya toshe, ya girgiza, ya ajiye ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsi rana. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ban da tsurar ƙasa. A ɗaki kuma a jera katako a ɗora buhuna a kai, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakaninsu da bango, kada tarin ya taɓo rufi. Buhun PICS mai ruɓi uku yana da kyau, amma fa shi ma in aka ɗura masa ɗanyen hatsi aka ɗaure, an yi aikin banza. Manoma kuma su tambayi malaman gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Yanzu sai mu zo kan wa zai gyara. A al'ada da hankali, abin da ya shafi jikin gini na mai gida ne: rufi, indararo, yaɓe, daɓe, tushe, taga, da hanyar da ruwa zai bi ya fita daga gidan. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, iyayenmu da makuba suke yi don ta kore ruwa. Masu gida da yawa yanzu sai su shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje su ce sun huta. Mu dai a ganinmu wannan hutun na ɗan lokaci ne, domin siminti kan kulle ruwan da ya hau daga tushe, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana filastar ta zubo gaba ɗaya. Gara a cike gindin bango ta waje a yi masa gangare, a ƙara tsawon indararo ya zubar nesa, mai sabon gini kuma ya shimfiɗa leda a kan tushe kafin ya ɗora bulo. Na ɗan haya kuwa shi ne buɗe taga da ƙofa in rana ta fito, janye gado da akwati daga jikin bango, fitar da katifa ta sha rana, share kwata, da gaya wa mai gida da wuri in ya ga yoyo. Wanda ya ga ɗiga tun watan Yuni ya tara roba ya yi shiru har azara ta ruɓe, shi ma yana da nasa kason laifi.

Ta fuskar shari'a akwai abin da zai ba wasu mamaki. A Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda alƙalanmu na Malikiyya suke komawa gare shi, ba a tilasta mai gida ya yi gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi: in aibin mai cutarwa ne, kamar yoyon rufi, yana iya warware hayar ya tashi. In kuwa ya zaɓi ya zauna a haka, to kuɗin haya cikakke yana kansa. In mai gida ya gyara kafin ya fita, sai ya cika sauran wa'adinsa. Wasu malaman mazhabar sun ce a tilasta mai gidan, don haka hukunci yana hannun alƙali bayan ya ji kowane ɓangare. Littafin ya kuma halatta a yi sharaɗi cewa ɗan haya zai yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa. Abin da ba a yarda ba shi ne a ɗora masa gyaran da ba a san iyakarsa ba daga aljihunsa. Ɗan haya kuma amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in da sakacinsa ko ƙetare iyaka.

To ka ga amsar tambayarka ta ƙarshe ke nan. Kada ka riƙe kuɗin haya da ra'ayin kanka, za ka miƙa wa mai gida sandar da zai doke ka da ita, ko a kotun shari'a ko a ta majistare. Kada kuma ka kira magini ka kashe kuɗi ba da izininsa ba, galibi za a ɗauka kyauta ka yi. Ka je masa da mutum biyu masu mutunci, ku ƙiyasta aikin, a rubuta cewa za ka yi a cire daga haya, kowa ya sa hannu, ka adana rasit na kwano da ƙusa da ladan kafinta. In ya ƙi, akwai mai unguwa da dagaci, akwai Hisba da ke yin sulhu, akwai duba-gari na ƙaramar hukuma da za su iya zuwa su ga ɗakin da idonsu. Kuɗin masararka kuwa, gaskiya da wuya ka same shi, sai fa in kana da shaidar cewa ya san ɗakin yana yoyo ya ɓoye maka, ko ya yi alkawarin gyara ya saɓa.

Ku kuma Alhazai masu gidaje, in ɗan haya ya kawo ƙorafi ba a amsa masa da cire ƙofa ko yaye kwano ko watsa kaya waje. Doka ba ta yarda mutum ya yi wa kansa hukunci ba. In yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sa'an nan a bi ta kotu.

Wanke bangon shi ne mafi sauƙi, amma sai an toshe inda ruwa ke shigowa, in ba haka ba mako biyu ta dawo. A fitar da yara da mai asma, a buɗe taga, a ɗaure hanci da baki, a sa leda ko safar roba a hannu. A goge da ruwa da sabulu tukuna, kada a kankare a bushe don ƙurar ita ce cutar. Bango na siminti ana iya bi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya cikin lita huɗu na ruwa, kuma kada a kuskura a haɗa shi da wani maganin wanke bayan gida, hayaƙin da zai tashi yana iya kwantar da mutum. Bangon ƙasa sai a jiƙa wurin kaɗan, a kankare, a bari ya sha iska, a sake yaɓe. Silin na kwali da katifar da funfuna ta shige cikinta ba su wankuwa, sai canji. Fenti kuma sai bango ya bushe sarai, wajen watan Nuwamba in iskar hunturu ta fara kaɗawa.