Diyodi, birkin jirgin wasa

Yara, kun sha ganin amalanke tana gangarowa daga kan tudu a hanyar kasuwar Sabon Maci. Mai jaki yakan ja ragama don kada kaya su ture dabbar. In an zo hawa kuwa, sai ya sassauta.

Jirgin ƙasa na wasa ma yana son irin wannan kulawa. Wuta tana bin ƙarafan hanyarsa, ta shiga ƙafafunsa, ta juya injinsa. Ana auna ƙarfin wuta da bolti. Da yawa cikin jiragen nan suna aiki da bolti 12. A gangare, nauyin jirgi yana ƙara masa gudu. In ya tarar da kwana, sai ya kauce ya kife.

Maganin wannan shi ne diyodi. Ɗan abu ne baƙi, kamar ƙwayar shinkafa, da farin zobe a gefe guda. Halinsa biyu ne. Na farko, wuta tana wuce shi ta waje ɗaya kawai. Na biyu, yana rage mata wajen bolti 0,7, kamar mai tikiti a ƙofar kasuwa.

Ga yadda ake yi. A yanke ƙarfen hanya guda a bisan tudu da gindinsa. A kai wa wannan yanki wuta ta diyodi uku a jere. Sun ci bolti 2,1, saura 9,9. Jirgi sai ya sauko sannu.

To, in zai koma sama fa? Don jirgi ya juya, ana juya wutar ne. Diyodin nan uku za su tare ta. Saboda haka ake ƙara guda ɗaya kusa da su, yana duban baya. Shi 0,7 kaɗai zai ci. Jirgi ya hau da bolti 11,3.

Mu gwada

Ku samo pil biyu, da ɗan injin motar wasa, da diyodi daga matacciyar rediyo. Ku haɗa ba diyodi, ku saurari kukan injin. Ku sa diyodi, kukan ya ragu. Ku juya shi, injin ya tsaya. Hattara! Da pil kaɗai ake wannan gwaji. Wutar gida bolti 220 ce, tana kisa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne halayen diyodi biyu?
2. In an jera diyodi huɗu, bolti nawa suka rage cikin 12?
3. Don me ake sa guda yana duban baya?